Badagiri: Abin Da Allunan Tarihi Suka Faɗa Da Abin Da Suka Bari



Yau za mu bar tudu mu gangara bakin teku. Bahaushe ba baƙo ba ne a Ikko. Muna da mutane a Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12, kuma kasuwar Alaba Rago, inda 'yan uwanmu suka daɗe suna sauke tumaki da awaki, an kafa ta ne a kan babban titin da ya tashi daga Legas ya nufi Badagiri. Amma idan muka tambayi kanmu mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa ƙarasawa ƙarshen wannan titi don ganin wuraren tarihin da ke can, amsar ba za ta yi mana daɗi ba. Mun ɗauka tarihin Badagiri na mutanen kudu ne da Turawa. Alhali akwai Hausawa a cikinsa tsundum, sai dai sunayensu ba su hau allunan da aka kakkafa ba. Za mu bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, mu karanta abin da aka rubuta, mu auna shi, sannan mu nemi abin da aka bari.

Garin da kansa

Badagiri tana yammacin birnin Legas, dab da iyakar Seme da ta raba Najeriya da Jamhuriyar Benin. Yawancin mutanenta 'yan ƙabilar Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, tare da Yarabawa, kuma sarautar sarkinsu ita ce Akran. Abin da ya kamata mu fara lura da shi shi ne garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. Akwai dogon ruwa mai kwanciya da ya ratsa tsakaninsa da teku, sai kuma wani siririn tudun rairayi a tsallake. Wannan ruwa ya haɗa Badagiri da Legas ta gabas, da Fotonobo ta yamma. Saboda haka kwalekwale na iya ɗaukar kaya ko mutane daga wannan gari zuwa wancan ba tare da an shiga teku ba. Duk wanda ya fahimci wannan, ya fahimci dalilin da ya sa garin ya zama tashar fataucin bayi.

Kasuwar Vlekete da shekarar 1502

Wurin da aka fi fara kai baƙo shi ne inda kasuwar bayi ta Vlekete ta ci. Shekarar da ake yawan dangantawa da kafuwarta ita ce 1502. Gaskiya ne Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa tun shekarun 1470. To amma masana da suka bi takardun 'yan kasuwar Turai, musamman Robin Law, sun nuna cewa Badagiri ta fito a matsayin babbar tashar ciniki ne a shekarun 1730. A lokacin daular Dahome ta mamaye garuruwan bakin teku da ke yamma, mutane suka yi ta gudu gabas. Cikin masu gudun har da wani ɗan kasuwar Holan, Hendrik Hertogh, wanda ya zauna a Badagiri wajen 1736, aka kashe shi a 1738. Mutanen garin suna tunawa da shi da sunan Huntokonu. A 1784 kuma Dahome da ƙawayenta suka afka wa garin suka rusa shi, daga baya ya sake farfaɗowa.

Tsakanin 1502 da 1736 akwai shekara fiye da 230. Wannan ba ƙaramin rata ba ne. Darasin farko ga marubuci ke nan: allon bayani mutum ne ya rubuta shi, kuma kowane gari yana son a ce ya daɗe. Mu ma haka muke yi da namu garuruwan. Idan za mu sa shekara a rubutunmu, mu san inda ta fito, mu kuma gaya wa mai karatu ko daga bakin mutanen gari muka ji ta ko daga takarda.

Benen da aka ce shi ne na farko

A bakin ruwa akwai wani farin gida mai hawa ɗaya, da matakalar katako, wanda 'yan mishan na cocin Angilikan suka kammala a 1845 ƙarƙashin Rabaran Gollmer. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro kuma daga baya ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin, ya zauna a gidan, kuma ana nuna wa baƙi tsofaffin kwafin Baibul na Turanci da na Yarabanci a ciki. Ba nisa da nan akwai ginshiƙin tunawa da bishiyar Agia, wadda a ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842. Bishiyar ta faɗi a 1959, aka gina ginshiƙin a gurbinta.

An yi wa wannan gida laƙabi da bene na farko a Najeriya, har yara na haddace haka a makaranta. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya zai ɗan yi murmushi. Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, shekara 21 kafin a gama gidan Badagiri, kuma ya bayyana gidajen ƙasa masu matakala da ɗakuna a sama. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma ta girmi gidan da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya dace a ce shi ne yana cikin benaye na farko da aka gina da fasalin Turai a ƙasar nan. Wannan bai rage wa gidan daraja ba. Amma yana nuna mana yadda kalma ɗaya, wato "farko", ke iya share tarihin magina na wani yanki baki ɗaya idan babu wanda ya tanka.

Gidan Seriki Abass

Nan ne zuciya ke fara nauyi. Wani tsohon gida ne mai ƙananan ɗakuna 40 da aka riƙa tsare bayi kafin jirgi ya iso. Ana kiransa barikin Burazil, kuma ana danganta gininsa da shekarun 1840. Har yanzu zuriyar mai gidan na zaune a wani sashe, an ware wasu ɗakuna don masu ziyara. Ɗaki ne da bai fi taku uku ba kowace kusurwa, da 'yar taga a sama, kuma masu jagorantar baƙi suna cewa har mutum 40 ake cusawa a ɗaki guda. Suna nuna sarƙoƙi da mari, da kayan da aka karɓa a musaya: tangaran, kwalaben barasa, da wata babbar laima da suke cewa an ba da mutum 40 a kanta. A gidan tarihi na iyalan Mobee ma akwai irin waɗannan ƙarafa, har da na wuya mai nauyin da mutum zai ɗaga da ƙyar.

Labarin mai gidan kansa abin dubawa ne. Sunansa na asali Ifaremilekun Fagbemi, Bayarabe ne da aka kama bawa yana yaro. Ya zauna hannun wani mai suna Abass, sannan hannun wani ɗan kasuwa mai suna Williams, shi ya sa ake kiransa Seriki Williams Abass. Da ya samu 'yanci sai ya shiga cinikin da aka yi da shi. Ya yi dukiya, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin nan tamu ce, Sarki ce ta je kudu ta sauya kaya. Mutum ɗaya, bawa ne, mai sayar da bayi ne, kuma jagoran masallata. Marubucin da ya saba raba taurarinsa gida biyu, nagari fari fat da mugu baƙi ƙirin, ya je ya tsaya a ƙofar wannan gida ya ga yadda ɗan Adam yake.

Mu kuma lura da shekarun. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi a 1807, amma ga bariki ana ginawa bayan shekara talatin da wani abu. Dalili shi ne gonakin rake na Burazil da Kuba ba su daina buƙatar hannu ba. Sai a 1850 Burazil ta hana shigo da bayi da gaske, a 1852 sarakunan Badagiri suka sa hannu a yarjejeniyar daina cinikin da Ingila, a 1863 kuma garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila. Ofishin jami'in mulkin mallaka da aka gina a wannan shekara shi ne gidan tarihin garin a yau.

Tsallaken Gberefu

Daga bakin ruwa ana shiga kwalekwale a haye zuwa Gberefu cikin 'yan mintuna. Daga nan sai tafiyar ƙafa a kan rairayi, tsakanin bishiyoyin kwakwa, har zuwa inda teku ke dukan gaɓa. Wurin ne ake kira inda ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa an yi mata asiri, duk bawan da ya sha ruwanta sai ya manta gida. A Wida ta Jamhuriyar Benin akwai irin wannan labari, sai dai can bishiya ce ake zagayawa don a manta. Ƙofar tunawa da ke bakin tekun Wida kuwa a 1995 aka gina ta, bayan hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin bin sawun hanyar bayi a garin a 1994. Wato da yawa daga cikin gine-ginen tunawa da ke wannan gaɓa na zamaninmu ne, ko da yake rairayin da tekun su ne na asali.

Masu ƙididdiga sun kiyasta cewa an ɗora mutum kusan miliyan 12 da rabi a jiragen da suka ƙetare Atilantika, kimanin miliyan 10 da dubu 700 suka sauka da rai. Kusan miliyan 2 daga cikinsu sun tashi ne daga wannan gaɓa da ta haɗa Wida da Fotonobo da Badagiri da Legas. Tambayar ita ce, shin ruwan rijiyar ya yi aiki? Labarin Hausawan da suka bi ta wannan gaɓa ya nuna ba su manta komai ba.

Mutanenmu a tsallaken teku

Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da kamammu masu yawa daga kowane ɓangare. Wasu aka tura su arewa ta Sahara, wasu aka gangara da su kudu ta Nufe da Borgu zuwa tsohuwar Oyo, wadda Hausawa ke kira Katunga, daga nan zuwa teku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ambaci yadda ake sayen bayi daga ƙasashen arewa a kai ƙasar Yarabawa a sayar wa Nasara. Bayin arewa sun yi yawa a Oyo har ta kai a 1817, lokacin da Afonja na Ilori ya yi wa Alafin tawaye tare da Malam Alimi, ya yi kira gare su suka gudu suka bi shi. Wannan ya tsorata iyayengiji da yawa suka yi ta sayar da bayinsu Musulmi zuwa bakin teku. Ali Eisami, ɗan wani malami daga Borno, yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. An ratsa da shi ta ƙasar Hausa zuwa Oyo, aka sayar da shi a bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi ya sauke shi a Saliyo, inda daga baya ya ba da labarinsa ga masanin harsuna Koelle.

Waɗanda ba a kuɓutar ba, da yawansu sun sauka a Bahiya ta ƙasar Burazil. A 1807 hukumomin birnin Salbado suka bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa. A 1809 aka sake yi, a 1814 ma Hausawa suka jagoranci wani babban bore a wajen birnin. Sai kuma tawayen da ya fi shahara, na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin watan Ramadan, wanda yawancin masu yinsa Yarabawa Musulmi ne tare da wasu Hausawa. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutun Larabci, kuma wani bawa Bahaushe da ake kira Albino 'yan sanda suka nemo ya karanta musu. A ƙarshen shekarun 1840, jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu, suka lissafa masa garuruwa da koguna da zangon fatake na ƙasarsu, ya buga littafi a 1851. Mutanen da aka ce sun sha ruwan mantuwa, ga su suna zana hanyar Kano da Katsina da Zazzau daga ƙwaƙwalwa, a wata nahiya.

Abubakar na Gobir

Akwai kuma wanda ya dawo. A ƙarshen 1825 Clapperton ya sauka a Badagiri da niyyar zuwa Sakkwato karo na biyu, tare da baransa Richard Lander da wani tafinta da suke kira William Pascoe ko Pasko. Sunansa na yanka Abubakar, mutumin Gobir ne. An kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har bakin teku, aka ɗora shi a jirgi, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, shi kuma ya zama ma'aikacin jirginsu. Da shi aka tashi daga Badagiri a Disambar 1825, aka bi ta Katunga da Busa da Zariya da Kano har Sakkwato, inda Clapperton ya mutu a Afrilun 1827. Wato ya bi hanyar bayi a juye, daga teku zuwa gida.

Turawan sun rubuta shi a matsayin mutum marar amana, saboda a Kano ya gudu ya bar su fiye da sau ɗaya, har da ɗaukar kayansu, aka bi shi aka kamo. Su suka riƙe alƙalami, saboda haka hukuncinsu ne ya iso gare mu. Amma mu tsaya mu yi tunani a matsayinmu na marubuta. Mutum ne da aka raba da ƙasarsa shekara da shekaru, ya ga teku, ya ga jirgi, sai ga shi a kasuwar da kowa ke magana da harshen uwarsa. Me za mu yi da mu ne? Duk da haka ya koma bakin teku tare da Lander, kuma a Maris na 1830 ya sake tasowa daga Badagiri tare da Richard da ƙaninsa John, a tafiyar da ta tabbatar wa Turai cewa kogin Kwara a teku yake ƙarewa. 'Yan Lander ɗin sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa zaune a Badagiri, har sun ga yadda Musulmin garin suka yi ƙaramar salla. Littattafan makaranta suna ambaton Lander. Tafintan da ya yi musu magana da sarakuna a hanya kuwa, ɗaliban tarihi ƙalilan ne suka san sunansa.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1863 John Glover, jami'in Ingila a Legas, ya tara wasu bayi Hausawa da suka gudu daga iyayengijinsu ya kafa ƙaramar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga wannan shekara rundunar sojan Najeriya take ƙirga haihuwarta. Sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma rundunar da ta tsiro daga irinsu ce ta tsaya a bakin ganuwar Kano a 1903 ƙarƙashin tutar Ingila. Mutanen da arewa ta sayar, jikokin aikinsu suka dawo mata da bindiga.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yana da sauƙi mu tsaya a Gberefu mu la'anci Turawan Fotugal da sarakunan bakin teku. Amma wani ne ya kama Abubakar a arewa, wani ya saya, wani ya ɗaure shi ya miƙa kudu. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi, an yi rinji a karkarar Kano da Zazzau, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Mutanen Badagiri, duk da gyaran da muka ce allunansu na buƙata, sun yi abin da ba mu yi ba: sun ajiye sarƙoƙin, sun buɗe ɗakunan, zuriyar masu cinikin da kansu suke nuna wa baƙi. A garuruwanmu, allo nawa ne ke nuna inda aka yi cinikin mutane?

Adabinmu ma ya taɓa batun ta ɓangare ɗaya ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya bi hanyar Sahara. Labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta ya nuna mana harin bayi da zaman rinji daga bakin mace. Hanyar teku kuwa tana nan tana jiran mai ɗauka. Muna ta kukan cewa jigo ya ƙare, kowa soyayya da kishiya yake rubutawa, alhali ga Abubakar na Gobir, ga Albino da aka sa ya karanta takardun 'yan uwansa a gaban masu tuhumarsu, ga malaman da suka yi salla a Badagiri a 1830.

Ga wanda zai je, shawararmu kaɗan ce. Ya tafi da littafin rubutu, ya kwafe abin da ke kan allo yadda yake. Ya saurari ɗan jagora da ladabi, domin abincinsa ke nan kuma tarihin gidansu ne, sannan ya rubuta wanne ne ya gani da idonsa, wanne ne aka gaya masa. Ya auna ɗakin da takunsa, ya ɗaga sarƙar ya ji nauyinta, ya ƙirga lokacin da tafiyar rairayin ta ɗauke shi. Idan ya dawo ya nemi littafi ya gwada shekarun. Gani ya kori ji, amma gani ma yana buƙatar bincike.

Wanda kuma Legas ta yi masa nisa, aikin wannan mako yana ƙofar gidansa. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya na tarihi a garinsu, ko ƙofar gari ce, ko tsohuwar kasuwa, ko rijiya, ko kushewa. Ya rubuta abin da aka rubuta a wurin idan akwai, da abin da dattawa ke faɗa, da sunan mutum ɗaya ko rukunin mutane da labarin ya tsallake. Shafi ɗaya ya isa. Za mu karanta tare, mu yi wa juna gyara.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.